Turarena a Shekarar da Mai Ya Faɗi

Wajen tsakiyar shekarar 2014 kamfanin da ke tura mu aikin jinya gida-gida ya kira ni, aka ce an kawo wata dattijuwa Balarabiya jinyar ciwon daji, kuma ana neman mace Musulma mai jin Larabci. A cikinmu duka ni kaɗai na rubuta cewa ina jin Larabci a takardar ɗaukar aiki, shi ma na Islamiyya ne da na yi a Kano, Larabcin littafi wanda ba a cinikin tumatir da shi. Lokacin shekarata tara a New York. Muna zaune a unguwar University Heights da ke Bronx, hawa na huɗu, ni da maigidana da tagwayenmu mata. Shi tasi yake ja. Ni kuma ban da jinya ina haɗa turaren wuta da humra, sana'ar da na gada wurin kakata 'yar Maiduguri, ina kai wa wata 'yar Maraɗi mai shago a bayan Fordham Road tana sayar mini.

Dattijuwar ta fito ne daga ɗaya daga cikin ƙananan ƙasashen Larabawan nan masu arzikin mai da ke bakin Tekun Fasha. Gwamnatinsu ce ta ɗauki nauyin komai: asibiti, gidan haya a Manhattan kusa da kogi, kuɗin abincinta da na mai rakiya, har da ladan aikina. 'Yarta ce ke kwana da ita, mace marar yawan magana. Babban ɗanta kuwa ɗan kwangila ne, yakan zo ya yi mako biyu ya koma. Na ji suna kiranta Yumma, wato mama a bakinsu, ni ma sai na bi sahu.

Dokar aikinmu ita ce ba a shafa turare, musamman wurin masu shan maganin daji, don ko ƙamshin sabulu yana tayar musu da zuciya. Ban shafa komai ba, amma duk wadda ta san humra ta san ba ta barin tufa ko an wanke sau uku. Rana ta biyu ina gyara mata matashi sai ta kama bakin mayafina ta kai hanci. Na fara ba ta haƙuri.

Ta ce, "Yi shiru, 'yata. Akwai sandal a nan, akwai farce, akwai miski. Sai wani abu guda da ban sani ba. A ina kika saya?"

Na ce ni nake haɗawa.

Ta buɗe ido ta dube ni sosai, karo na farko tun zuwana. Ashe shekara arba'in ta yi tana sayar da turare. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara ƙanana, ta fara yawo gida-gida da kwalabe a kwando, har Allah ya yi ta mallaki shago uku. Tun daga ranar hirarmu ta zama ta kasuwa. Takan yi dariyar Larabcina, ta ce ina magana kamar mai huɗubar Juma'a, amma muna fahimtar juna.

Ita ta fara bayyana mini yadda ƙasarsu take. Ta ce tana yarinya a jirgin ruwa ake kawo musu ruwan sha, mahaifinta kuma nutso yake yi a teku yana neman lu'ulu'u har kunnensa ya mutu. Sai mai ya zo. "Yanzu a ƙasarmu mai saye ɗaya ne, gwamnati," in ji ta. "Ita ke sayar da mai ta biya albashi, mai albashi ya ba matarsa, matar ta zo shagona. Ɗan nan nawa da kike gani yana hura hanci da kamfaninsa, ginin gwamnati yake yi. Duk bututu ɗaya muke tsotsa, kowa da inda ya kafa bakinsa." Na yi dariya, don a lokacin labari ne kawai a wurina.

Wata rana na kawo mata kwalba biyu kyauta, farar humra da baƙa. Da ɗanta zai koma ta sa na haɗa kwalba ashirin ya tafi da su a cikin akwatinsa. Ba a yi kwana goma ba aka bugo waya daga shago cewa sun ƙare, mata suna tambaya. Yumma ta ajiye wayar ta ce in jawo kujera.

Ta ce in haɗa da yawa, a turo ta jirgin ruwa, a sa a shagunanta uku, mu raba riba. Amma ta gaya mini gaskiya tun farko: a ƙasarsu baƙo ba ya buɗe kasuwanci da sunansa shi kaɗai, sai da ɗan ƙasa wanda zai riƙe kaso mafi tsoka a takarda. Lasisin shigo da kaya ma na ɗan ƙasa ne. "Saboda haka komai da sunan shagona zai shiga. Ke ba ki da takarda, sai maganata. Ki je ki yi shawara da mijinki."

Maigidana ya saurare ni har na gama, yana cin tuwo. Sannan ya ce, "Maman biyu, matar nan ba ni da shakka a kanta. Amma jinyar me kike mata?"

Na ce ya sani.

Ya ce, "To, in ta Allah ta kasance, maganar tata wa zai gada?"

Na ce masa rai a hannun Allah yake, mai lafiya ma yana riga marar lafiya. Ya ci gaba da cin tuwonsa. Ban gaya masa abin da ke raina ba, wato na gaji. Shekara tara ina wanke tsofaffin mutane, bayana yana ciwo, ina tsayuwa a jirgin ƙasa mai lamba huɗu tun da asuba. Na hango ranar da zan zauna a gida ina haɗa turare kawai, ana sayarwa a ƙasar da mata ke sayen kwalba ba tare da tambayar kuɗi ba.

A daidai wannan lokacin ne farashin mai ya fara gangarowa. Ni a bakin maigidana na fara ji. Ya dawo wata rana da kaza biyu a leda yana fara'a, ya ce rabon da ya cika tanki da arha haka har ya manta. Washegari na tarar da Yumma ta sa an kunna mata tashar labarai ta Larabci, tana kallon wata 'yar lamba da ke gefen talabijin, farashin gangar mai. Na tambaye ta ko akwai damuwa.

Ta ce, "Na ga faɗuwarsa sau uku a rayuwata. Yakan tashi."

Na karɓi wannan magana don ita nake so in ji. Na kwashi adashina, na aika aka sayo mini itacen turare da farce da kajiji daga Maiduguri, duk da halin da garin ke ciki a lokacin, aka biyo da su ta Kano. Na daina kai wa 'yar Maraɗi kaya. Ta yi mini magana sau biyu, ta ce, "Hajiya, kada ki saki reshe ki kama ganye." Na ce mata na ɗan lokaci ne. Ta nemi wata mai haɗawa a unguwar Stapleton.

Wata huɗu na yi ina aikin, Asabar da Lahadi. Soya itacen turare da sukari hayaƙi ne da shi, ga na'urar nan ta silin da ke ihu da zarar ta ji hayaƙi. Nakan buɗe tagogi duka cikin sanyin hunturu, in sa rigar sanyi biyu, in tsaya a kan tukunya. Maƙwabciyarmu ta ƙasa, wata 'yar Kumasi, ta hau sau da yawa ta ce ƙamshin ya hana jikanta numfashi, in ba ta haƙuri da kwalba guda. Tagwayena ina musu Hausa suna amsa mini da Turanci cewa 'yan ajinsu sun ce jakunkunansu na warin shago. A ƙarshe na cika katan goma sha biyu. Da bazarar 2015 maigidana ya kai su wani kamfanin aika kaya a New Jersey, sawu biyu, ya yi addu'a da aka rufe ƙofar sito.

Mai bai tashi ba. Ƙanena da ke koyarwa a firamare a gida ya fara kirana, wata uku ba albashi, wata huɗu, jiha ta ce kason da take samu daga tarayya ya ragu. Nakan tsaya a ɗakin girkin Yumma ina jin muryarsa, in leƙa falo in ga tana kallon lambar nan, in koma gida da yamma in tarar da maigidana yana cewa yau ma galan ya sauka. Abu ɗaya ne, amma a gidana alheri ne, a gidan ubana yunwa, a gidan da nake aiki kuma tsoro. Har na rasa addu'ar da zan yi, ya tashi ko ya ci gaba da sauka.

Ɗan Yumma ya canza. Da yakan shigo da ledojin manyan kantuna, yana raha da ni. Yanzu sai ya fita baranda da waya ya yi awa guda, in ji muryarsa tana tashi tana sauka. Daga 'yar'uwarsa na tsinci labarin kaɗan-kaɗan. Gwamnati ta ɗage ayyuka da yawa, wanda aka gama ma takardun biya suna yawo daga ofis zuwa ofis. Ya sallami leburorinsa 'yan Indiya da 'yan Nepal, sun koma ƙasashensu. Injiniyoyi 'yan Masar da 'yan Sudan da ke aiki a kamfanoni irin nasa su ma suna ta tattara iyalansu, kuma matansu ne rabin masu sayen turaren Yumma. Matan 'yan ƙasa ba a taɓa albashin mazansu ba, amma ana ta raɗe-raɗin za a janye tallafin fetur da lantarki, kowa ya ƙulle bakin jakarsa. Hayar shago kuwa ba ta sauka ba. Kafin ƙarshen shekara ɗanta ya rufe biyu daga cikin shagunan uku.

Kayana sun isa tashar jirgin ruwansu tun kafin nan. Na yi ta jiran a ce an fito da su. Da na gaji na tambaye shi, ya ce akwai 'yar matsala. Lasisin shigo da kayan yana kan sunan ɗaya daga cikin shagunan da aka rufe, kuma ba a sabunta shi ba. Sai an mayar da takardun kan shagon da ya rage, an kai samfur an gwada, an biya wasu sababbin kuɗaɗe da aka ƙirƙiro. "In sha Allahu mako mai zuwa," in ji shi. Na ji wannan mako mai zuwa har na daina ƙirgawa.

Wata ranar Laraba bayan mun dawo daga asibiti, Yumma tana kwance a doguwar kujera idonta a rufe, ya kira ni teburin cin abinci. Ya yi magana a hankali, cikin ladabi. Ya ce aiko da kaya daga Amurka ba zai ƙara yiwuwa ba, tsadar ta yi yawa. Amma akwai mafita. In rubuta masa yadda ake haɗin, da ma'auni, yana da wani ma'aikaci a shago da zai riƙa haɗawa a can da arha, ni kuma a riƙa aiko mini da kasona ina zaune.

Mutumin nan bai taɓa yi mini ƙarya da gangan ba, a iya sanina. Kuma na ga yadda ya rame. Amma kakata ba ta taɓa rubuta haɗin nan ba, ko 'ya'yanta ba duka ta koya wa ba. In na ba da shi, me ya rage a hannuna? Kaya suna can, suna na can, lasisi na can.

Na ce, "Ka yi haƙuri, wannan ba zan iya ba."

Fuskarsa ta ɓaci. Ya ce shekara ɗaya da rabi ina cikin gidansu, sun ɗauke ni 'yar'uwa, ashe ban yarda da su ba. Kunya ta kama ni. Sai muka ji muryar Yumma daga kujera, ashe ba barci take ba.

Ta ce wa ɗanta, "Ƙyale ta. Da ni ce ma ba zan bayar ba. Wanda ya ba da haɗinsa ya zama ɗan kallo a kasuwarsa." Sannan ta juyo wajena. "Amma ke ma kin yi wauta, 'yata. Katan goma sha biyu a tashi ɗaya. Ai da uku ya kamata ki fara."

Na ce, "Yumma, ke kika ce yakan tashi."

Ta ce, "Na faɗa. Ban ce ki sa duk abin da kika mallaka a kan maganar tsohuwa mai shan magani ba."

Ba ta faɗa da faɗa ba, amma maganar ta zauna mini. Daga ranar ɗanta gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Farkon 2016 takarda ta zo daga ofishin da ke kula da marasa lafiyarsu a nan. Wani kwamiti a can ƙasar tasu ya sake duba sunayen duk waɗanda ake jinya a waje, an ce masu irin ciwon Yumma za su iya ci gaba da karɓar magani a asibitocin ƙasarsu. An ba su wata guda. Ba ita kaɗai ba ce. A ɗakin jira na asibitin, inda da nake jin Larabci ta kowace kusurwa, kujeru sun fara zama babu kowa. Likitarta ta ce da so samu ne ta ƙara wata uku, don sabon maganin da aka fara mata ya soma nuna alama, kuma ba ta da tabbacin akwai shi a can. Ɗanta ya tambayi nawa ne in su za su biya da kansu. Da aka gaya masa sai ya zauna a kujera ya daɗe bai tashi ba. Ya ce wa uwar za su sayar da shagon da ya rage. Ta ƙi. Ta ce shagon nan ne abincin 'yarta da jikokinta, ba za ta cinye shi a gadon asibiti a ƙasar mutane ba.

Makon ƙarshe ni na haɗa mata kaya. Ta rabar da bargunanta da tukwane, ta ce in ɗauki abin da nake so in kai wa masallacinmu sauran. Ta sa na yanke mata farce, na shafa mata man zaitun a ƙafa. Muka yi ta hirar da ba ta shafi kasuwa ba, ta gaya mini sunayen jikokinta ɗaya bayan ɗaya da halin kowanne.

Maigidana ne ya kai su filin jirgi, da hantsi, dusar ƙanƙara tana narkewa a gefen titi. Ɗanta da 'yarta suka tafi wajen auna kaya, aka bar ni da ita a keken marasa lafiya. Ta rame ƙwarai, hannunta kamar kara. Na durƙusa a gabanta don mu yi sallama. Na yi niyyar in ce ta yafe mini, in yi mata addu'a. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Yumma, in kin isa, don Allah ki sa baki a maganar kayan nan."

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Ban taɓa mantawa da kayan mutane ba."

Kafin in gyara maganar, ma'aikacin filin jirgin ya zo ya kama keken. Na bi su har inda aka tsayar da masu rakiya, ina cewa Allah ya ba da lafiya, Allah ya kiyaye hanya, amma ta riga ta ba ni baya, ban sani ba ko ta ji. A mota na yi ta kuka. Maigidana ya ɗauka na rabuwa ne, ban gaya masa ba sai bayan shekara guda.

Sau biyu muka yi waya bayan ta koma. Na farko muryarta da ƙarfi, ta ce ta sa an kai ta shago ta zauna awa ɗaya. Na biyu 'yarta ce ta riƙe mata wayar, ban gane abin da take faɗa sosai ba. Ni kuma kamfani ya tura ni wurin wani tsoho a can ƙarshen Bronx, mai ciwon mantuwa, wanda kullum sai ya tambaye ni wace ce ni. Na koma wurin 'yar Maraɗi da 'yan kwalaben da suka rage mini. Ta karɓa ba ta goranta mini ba, sai dai ta ce yanzu kantar jera turare biyu ce a shagon, nawa a ta ƙasa, na 'yar Stapleton a ta sama.

Cikin azumin shekarar, ana saura kwana tara salla, ɗanta ya kira ni da la'asar ina kan hanyar gida. Ya ce Yumma ta rasu jiya, an yi jana'izarta da safe. Na tsaya a bakin wani kantin kayan miya na yi salati, na yi masa ta'aziyya da Larabcin littafin nan nawa, wanda a ranar kaɗai ya yi daidai da wurin. Shi ne ya ɗauko maganar kayan, ba ni ba. Ya ce ta sa shi ya je tashar sau biyu, har tana yi masa faɗa daga kan gado. Amma kuɗin ajiya da ya taru ya ninka darajar kayan, kuma wa'adi ya wuce. Bai sani ba ko gwanjonsu aka yi ko zubarwa. Ya ce ya rufe kamfaninsa, yana jiran a kira shi aiki a wata ma'aikata. Ya nemi in yafe masa. Na ce babu komai tsakaninmu, ni ma ya yafe mini.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya na dafa shinkafa da miya tukunya biyu, maigidana ya kai masallaci aka yi buɗa-baki da niyyar sadaka gare ta. Mutane suka yi ta tambayarsa wace ce ta rasu, ko daga gida ne. Ya ce musu abokiyar kasuwancin matarsa ce.

Asarar kayan ta yi mini ciwo na wata da watanni, daga baya ta zama labari, har ina iya ba da shi ina dariya. Abin da ya ƙi wucewa shi ne na filin jirgi. Na sha zama ina lissafin cewa mace mai kwana kaɗan a duniya ta kashe wasu daga cikinsu tana tura ɗanta tashar jirgin ruwa saboda maganar da na yi. Maigidana yakan ce ko ban roƙa ba za ta yi, haka halinta yake. Wataƙila gaskiyarsa ne. Ni dai na san abin da na je faɗa, na kuma san abin da na faɗa.